Ajiyar Kawu

Hausawa suka ce ajiya maganin wata rana. Gaskiya ne, ban musa ba. Sai dai ba su gaya mana yadda mutum zai yi ba idan aka mutu aka bar masa ajiya iri biyu, ya rungumi wadda idonsa ya raya masa ita ce mai daraja, ya bar ɗayar ga ruwa da gara. Abin da ya same ni ke nan, shi ne kuma dalilin wannan ɗan rubutu.

A ƙarƙashin gadona, a gidanmu da ke unguwar Federal Low-Cost cikin garin Gombe, akwai wata tsohuwar adakar ƙarfe. A cikinta akwai gwangwanaye uku masu faɗi kamar faifan rufe ƙwarya, da wani gwangwanin madarar gari wanda rubutun jikinsa ya goge. Da an ɗaga murfin adakar sai wani wari mai tsami ya bugi hanci, har mutum ya kau da kai. Mai ɗakina ta sha roƙona in fitar mata da wannan tarkace, yarana kuwa suna ce masa fim ɗin Baba mai wari. Abin da ke naɗe cikin gwangwanayen wani tsohon fim ne na dambe da aka yi a Holiwud ta ƙasar Amurka a 1931, sunansa The Champ. Mu dai tun muna yara da sunan Zakara muka san shi, domin haka Kawu ya raɗa masa.

Na zo unguwar nan a 1986, ina ɗan shekara goma, lokacin Gombe tana cikin Jihar Bauchi. Ba zuwan daɗi na yi ba. Mahaifina malamin awon auduga ne a ƙuruciyarsa, daga baya ya zama akawu a wani kamfani. A zamaninsa auduga ce ke riƙe da garin, kuma wanda duk ke da alƙalami a bakin sikeli mutum ne da ake tashi a gaisar. Sai aka yi ragin ma'aikata a 1984, sunansa ya fito. Ya nemi aiki har dunduniyar takalminsa ta cinye, bai samu ba. Daga zaman majalisa sai karta, daga kartar wasa sai ta kuɗi. Keken hawansa ya tafi, akwatin rediyo ya bi baya. Ran da keken ɗinkin Inna ya fita daga gidan, ran nan aure ya mutu. Kawu, wato yayan Inna, ya zo ya kama hannuna, bai ce wa kowa uffan ba, ya kawo ni gidansa.

A wancan lokaci gidajen unguwar duk fasali ɗaya ne, kamar an buga su da hatimi, domin mutane ba su fara ƙara katangu da shaguna ba tukuna. Mazaunanta galibi ma'aikata ne daga ko'ina: Fulani da Terawa da Tangale da Waja da Bolawa da Barebari, ga Yarabawa, ga Ibo. Baƙo yakan ɓata ya shiga gidan da ba nasa ba. Amma babu yaron da zai ɓata gidan Kawu, saboda shi kaɗai ne gidan da ake majigi.

Wataƙila akwai daga cikin masu karatu waɗanda ba su riski majigi ba. Mota ce ta gwamnati mai ɗauke da injin haska hoto da injin wuta da farin ƙyalle, tana bi gari-gari, a kafa a ƙofar fada ko filin makaranta, jama'a su taru su yi kallo kyauta. Ana nuna noman zamani da tsaftar rijiya da riga-kafin agana, da rangadin shugabanni. Tun kafin samun 'yancin kai Kawu yake bin wannan mota, kuma aikinsa shi ne bayani: hoto yana tafiya yana bin sa da magana ta lasifika, da Hausa ko da Fulatanci, gwargwadon garin da aka sauka. Da talabijin ya zo ya kashe kasuwar majigi, aka yi gwanjon tsofaffin kaya, sai ya sayi injin da ya tsufa a jikinsa, haɗe da gwangwanayen fim fiye da goma da ba wanda ya taya. Zakara kuwa a Jos ya saye shi, a hannun wani Kwara da ke share sitonsa. Kishiyar Goggo ke nan, in ji matan layi, domin yadda yake goge gwangwanayen nan da tsumma, yana juya su, yana shanya su a inuwa, ko amarya sai haka. Ba ya yarda a kusance su da fitila ko ashana. In aka yi kuskure sai ya tuna mana gobarar silimar El-Duniya ta Kano a 1951, wadda ta ci rayuka fiye da 300.

Ranar Alhamis bayan sallar isha'i, in rani ne kuma ba a ɗauke wuta ba, sai ya sa a kafa farin zanen gado a bangon tsakar gida, a shimfiɗa tabarmi. Kafin ka ce kwabo gida ya cika da yaran layi. Dokarsa ɗaya ce, ba a sa Zakara sai an fara da na ilimi, kamar yadda aka saba a majigi. Mu kuwa nan ce azabarmu. Akwai na haƙa masai, akwai na feshin gona, akwai kuma wani guntu na kasuwar auduga wanda ba ya fashin sa shi: ga manoma da jakuna, ga auduga tuli fari fat, ga wani siririn saurayi da farar riga, alƙalami a bayan kunne, yana duban sikeli yana rubutu, can ya ɗago ya dubi mai ɗaukar hoto ya yi murmushi. In an zo nan Kawu kan ce, "Ku duba da kyau." Mu kuma mu ɗauka gaba ɗaya, "Kawu, a sa Zakara!" Ni ne ma kan gaba wajen ƙorafi.

Turancin fim ɗin na cikin hanci ne, ba mai jin sa a cikinmu, saboda haka sai Kawu ya rage muryar inji, ya gyara zama, ya koma bakin aikinsa na da. Labarin wani ƙaton mutum ne mai tumbi da faffaɗar fuska, wanda ya taɓa zama zakaran damben duniya, giya da caca suka kai shi ƙasa. Yana zaune a Tijuwana, wani garin Meziko a bakin iyakar Amurka, shi da ƙaramin ɗansa. Yaron ne ke jawo shi gida in ya sha ya yi tatul, shi ke tuɓe masa kaya ya kwantar da shi. Kullum uban yana alkawarin ya daina, kullum yana komawa, kullum kuma yaron yana yarda. Wata rana caca ta yi masa kyau ya saya wa yaron dokin sukuwa, wata rana ta juya masa baya dokin ya tafi. Ana nan sai ga uwar yaron, wadda ta rabu da uban ta auri mai arziki, tana neman a ba ta ɗanta. Akwai wurin da aka kulle uban a ofishin 'yan sanda, ya ga ba shi da abin da zai ba yaron nan sai wahala, ya ƙirƙiri faɗan ƙarya, ya ce ya gaji da shi, har ya kai masa mari ta tsakanin ƙarafa don dai ya tafi wurin uwarsa. Da yaron ya fita yana kuka, sai ya juya ya yi ta naushin bango da hannun da ya yi marin. In an zo nan tsakar gida takan yi tsit, sai ƙarar inji. Yaron ya bi uwar har cikin jirgin ƙasa, amma bai kai ko'ina ba ya sulale ya dawo wurin ubansa.

Duk yaran layi suna son yaron nan, ban da ni. Haushi yake ba ni. Lokacin mahaifina kan zo jefi-jefi ya tsaya a ƙofar gida, rigarsa ta koɗe, ya aika a kira ni. In na ji muryarsa sai in shige bayan tukunyar ruwa, in kuwa aka tilasta mini fita, sai in gaishe shi ina kallon ƙasa, raken da ya kawo mini in raba wa yara tun bai sha kwana ba. Wani dare da aka zo wurin da yaron ya dawo, na kasa haƙuri na ce, "Wannan yaro wawa ne. In ni ne wallahi ba zan dawo ba." Sai Kawu ya tsai da inji, abin da bai taɓa yi ba. Ya dube ni cikin duhu ya ce, "To, ɗana, ai shi ya san abin da ya gani a wurin ubansa, wanda kai ba ka gani ba." Ya tayar da inji. Bai ƙara ba, ni ma ban tanka ba.

Gwangwani na uku shi ne na damben, shi muke jira. Zakara ya bar giya, ya shiga horo, aka haɗa shi da zakaran Meziko. Kawu ya san damben Turawa, domin tsararsa ne suka ji labarin Hogan Bassey ya ciwo kambin duniya a Faris a 1957, da Dick Tiger ya kare nasa a Ibadan a 1963. Amma mu da damben gida yake yi mana bayani. Abokin karon ya zama Shagon Meziko, tun da mun san Shago a bakin Ɗan Anace ta rediyo, kowane zagaye ya zama turmi, safar hannu ta zama zare. Aka yi ta jibgar tsoho har ya fita hayyacinsa, yaron yana kuka yana neman a raba, shi kuwa ya ƙi. Can sai ya tattara sauran ƙarfinsa ya kai naushi ɗaya, Shagon Meziko ya zube. Kawu ya ɗaga murya, "Ya kashe shi!" Mu tashi tsaye muna ihu har maƙwabta su leƙo. Daga nan Zakara ya fito ya miƙa wa ɗansa dokin da ya fanso, yaron ya yi tsalle don murna, sai zaren fim ya ƙare, farin haske ya wanke zanen gado. In muka tambaya ina rubutun ƙarshe, sai Kawu ya ce wutsiyar ta gutsure tun a hannun Kwara. Muka yarda. Me ya rage a labari bayan uba ya ci dambe, ɗa ya sami doki?

Mai karatu ya san cewa a dambenmu kisa ba mutuwa ba ne. In hannun mutum ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa an kashe shi ke nan, ya tashi ya karkaɗe jikinsa, a kwance masa zare, gobe ya dawo fage. Da wannan fahimta na girma, a fim da kuma a zahiri. Na ɗauka duk wanda ya faɗi yana da gobe, saboda haka ban ga abin gaggawa ba game da mahaifina. Na bar shiryawa da shi sai na girma, sai ya gyaru, sai ran da ya cancanta.

Ya rasu da daminar 1994 a wani ɗakin haya, bayan gajeriyar jinya. Na je, na bi sahu aka yi masa salla, na karɓi gaisuwa kwana uku. Idona bai kawo ruwa ba. Mutane suka yi ta yaba dauriyata, ni kuwa na san ba dauriya ba ce.

Bayan shekara biyu, ina jami'a, wani dare aka sa kaset ɗin bidiyo a ɗakin hutun ɗalibai. Fim ne mai launi, amma ba a yi nisa ba na gane labarin: ga uba ɗan dambe da ya lalace, ga yaro, ga doki, ga uwa mai arziki. Ashe an sake yin Zakara a 1979, Franco Zeffirelli ya shirya, Jon Voight ya fito uban, Ricky Schroder ɗan. Na gyara zama ina ba na kusa da ni labarin abin da zai faru, har da ƙarshensa. Aka yi dambe, uban ya ci, na miƙe zan tafi. Sai na ga fim bai ƙare ba. Aka kai shi ɗakin shiri aka kwantar, ya yi wa ɗansa 'yan maganganu, ya cika. Yaron ya yi ta jijjiga shi yana cewa ya tashi, yana bin manya ɗaya bayan ɗaya a tashe masa ubansa. Ban san lokacin da na fita ba. A bayan ɗakin kwanan ɗalibai na durƙusa, kukan da ban yi ba a 1994 ya zo mini gaba ɗaya.

Na zo hutu a ƙarshen 1996, Gombe ba ta daɗe da zama jiha ba, gari ya cika da baƙin ma'aikata ana neman gidajen haya ruwa a jallo. Na sami Kawu a kan buzunsa bayan la'asar, na gaishe shi, sa'an nan na ce, "Kawu, ashe Zakara mutuwa ya yi?" Ya daɗe yana jan carbi. Can ya tashi ya shiga ɗaki, ya fito da gwangwanin madara, ya buɗe. Ga wutsiyar fim a naɗe cikin farin ƙyalle. Da dare ya yi ya haɗa ta da gam, muka zauna mu biyu kaɗai a tsakar gida. Zakara ya miƙa doki, yaro ya yi tsalle, sai tsohon ya yanke jiki ya faɗi, zuciyarsa ta gaza. Aka kwashe shi zuwa ɗaki, ya cika, yaron yana ture duk wanda ya zo lallashinsa, shi dai ubansa yake so, har uwar ta shigo ta ɗauke shi. Tun da nake da Kawu ban taɓa ganin hoto yana tafiya bakinsa a rufe ba sai ran nan.

Da haske ya wanke zane na ce, "Me ya sa ka ɓoye mana?" Ya ce, "Daren da ka zo gidan nan na yanke. Yaron da aka raba da ubansa da rana ba a nuna masa wannan da dare. Na ce in ajiye maka sai ka yi ƙwari." Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Na yi ta jiran lokaci har lokaci ya wuce. Wataƙila da ka gani da wuri, da ka fita ƙofa ran da yake kiranka. Allah ya yafe mini." Washegari na tarar ya sake yanke wutsiyar ya mayar gwangwaninta, saboda akwai sababbin yara a layi.

Tun daga nan na shiga bin diddigin fim ɗin, da farko a littattafai, daga baya a intanet, har na tarar ashe Kawu yana da 'yan'uwa a duniya, mutanen da ke kashe dukiya da lokaci wajen tara tsofaffin finafinai da hotunan tallarsu. Na kuma gane abin da ya sa irinsu ke ƙaunar Zakara. Kamfanin MGM ne ya yi shi, King Vidor ya shirya, wata mata mai suna Frances Marion ta rubuta labarin. Shekara huɗu ke nan kacal da fara fim mai magana a 1927, saboda haka yana daga cikin 'ya'yan fari. An kuma yi shi kafin 1934, shekarar da Holiwud ta tsananta dokar tace finafinai, shi ya sa giya da caca da mutuwar aure suka fito a cikinsa ba rufa-rufa. A bikin kyautar Oscar na 1932 Frances Marion ta ci ta labari, Wallace Beery da ya fito Zakara kuma ya raba ta gwarzon ɗan wasa da Fredric March, domin ƙuri'a ɗaya ce tsakaninsu, dokar lokacin kuwa ta ɗauki irin wannan rata a matsayin kunnen doki. Yaron, Jackie Cooper, shekararsa tara. Ya rayu har 2011, kuma da ya girma bai ɓoye ba cewa shi da Beery ba su taɓa shiri ba. Ƙaunar nan da ta sa mu kuka gwaninta ce kawai ta 'yan wasa. Da na ji haka na yi dariya, amma bai rage mini komai ba.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne lokacin da fim ɗin ya fito. Tattalin arzikin Amurka ya karye a 1929, masana'antu suka rufe, har ya zamana a 1933 kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu neman aiki ba su da shi. Waɗanda suka cika silima a 1931 iyaye ne da aka sallama daga aiki, da 'ya'yan da ke kallon ubanninsu suna zaune a gida hannu rabbana. Sun je ne su ga yaron da bai raina ubansa ba. Tsakanin Amurka ta 1931 da Gombe ta 1984 akwai teku da shekara 53, amma ciwon ɗaya ne. Har masana halayyar ɗan Adam sun shaida ƙarfin labarin: a 1995 James Gross da Robert Levenson na Jami'ar Kalifoniya suka fitar da sakamakon gwajin da suka yi, bayan sun tace finafinai fiye da 250, inda suka tarar babu guntun da ya kai mutuwar Zakara ta 1979 saurin jefa mai kallo cikin baƙin ciki, alhali bai cika minti uku ba.

Su masu tara finafinai tsoro ne ke tafe da su, domin fim abu ne mai mutuwa. Zaren da silimu suka yi amfani da shi har farkon shekarun 1950 yana kamawa da wuta kamar fetur. Gobara ta cinye ma'ajiyar kamfanin Fox a 1937, ta cinye wata ta MGM a 1965. A 2013 Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya ba da rahoton cewa kashi 70 cikin 100 na dogayen finafinan ƙasar marasa magana sun ɓace ɗungurungum. Ƙaramin zare mai faɗin milimita 16, irin na majigi, wanda Kodak ya fito da shi a 1923, shi ba ya kama wuta haka, ashe tsoron ashanar Kawu bai shafi kayansa ba. Amma yana da nasa ajalin. In ya sha zafi da laima sai sinadarinsa ya soma narkewa, ya riƙa fitar da tsami, ya ƙanƙance, ya kanannaɗe, har ya ƙi shiga inji. Tsamin da ya fita kuma shi ke ƙara hanzarta lalacewar. Warin da ke cikin adakata ke nan. Zafin Gombe na watan Maris da Afrilu ya gama aikinsa.

Kawu ya rasu a 2003. Da aka zo rabon kaya babu wanda ya kula da gwangwanayen, aka ce in kwashi abin da nake so. Na ɗauki Zakara da wutsiyarsa, ina ji a raina na tsira da dukiyar gidan. Sauran, na masai da na feshi da na auduga, na bar su a sito, na ce sai na sami wuri. Rufin sito ya yi yoyo damina biyu, tsatsa ta ci gwangwanayen, daga baya aka kira 'yan gwangwan suka auna su da tsohon injin suka biya kuɗin ƙarfe. An gaya mini, na ce ba komai.

A 2018 na ji labarin Shaihu Umar, fim ɗin da Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa. An daɗe ana zaton ya ɓace, sai aka gano shi a 2016 a ma'ajiyar Hukumar Finafinai ta Nijeriya, aka gyara shi a Jamus, aka nuna a bikin finafinai na Balin. Na je gaida Inna ina ba ta labari, hira ta kai mu ga majigin Kawu, har nake yi mata dariyar yadda yake tilasta mana kallon kasuwar auduga. Sai ta bar tsintar shinkafar da take yi ta dube ni. Ta ce, "Yana wurinka, ko?" Na ce ai Zakara na ɗauka. Ta ce, "Kai yanzu duk shekarun nan ba ka gane mai awon ba?"

Ban gane shi ba. Ni mutumin da na sani mai koɗaɗɗiyar riga ne, wanda ke tsayawa a ƙofa kansa a sunkuye. Wancan siririn saurayi mai alƙalami a kunne, wanda manoma ke layi a gabansa, ban taɓa haɗuwa da shi ba. Inna ta ce saboda guntun nan Kawu ya sayi gwangwanayen gwanjon gaba ɗaya, kuma a nan ita ma ta fara ganinsa, a majigin ƙofar fada, kafin a yi maganar aure. Kawu kuwa Bafillace ne, ba zai buɗe baki ya yabi surukin da ya saki ƙanwarsa ba, ba zai kuma ambaci sunan da ya san ba na son ji ba. Iyakar abin da kunya ta bar shi ya faɗa shi ne, "Ku duba da kyau." Ya faɗa kowace Alhamis, shekara da shekaru.

Zakara ba ya bukatar cetona. Masu shi sun adana shi a ɗakuna masu sanyi, an juye shi a faifan bidiyo, wanda duk ya so zai same shi ya kalla tas, har da wutsiyarsa. Kwanakin baya na aika wa wani mai tara irin waɗannan kaya hotunan gwangwanayena, ya tambaye ni ko suna wari, na ce suna yi, ya ba ni haƙuri cikin ladabi. Kasuwar auduga kuwa na yi cigiyarta inda duk na san ana cigiya, ban ji ɗuriyarta ba. Fim ɗin da duniya ta riƙe shi na riƙe, wanda ba shi da kowa sai ni na sake shi. Ba ni da hoton mahaifina yana murmushi, sai abin da idon yaro mai gaggawa ya ɗauka ba da son ransa ba, kuma kowace shekara sai ya ƙara dusashewa.

Na ga wannan hali ba nawa ba ne ni kaɗai. Mun iya darajanta abin da wasu suka riga suka darajanta, namu kuwa sai ya ɓace mu fara cigiya. Finafinan bidiyo na Hausa da aka fara da Turmin Danya a Kano a 1990, kaset nawa ne daga cikinsu ke da rai yau? Ina kaset-kaset ɗin wa'azi da na makaɗa da ke cikin kwalayen iyayenmu? Ina hotunan suna da na aure da ke ƙasan adakun kakanni? 'Yan'uwana ɗalibai da malamai, in an yi hutu aka koma gida, a buɗe adakun nan tun masu su suna da rai, a zauna a tambaye su wane ne wannan, ina ne nan, wace shekara ce. Tsoho ba kullum yake iya faɗin abin da ke ransa kai tsaye ba. Wani lokaci nuni kawai zai yi.

Adakar tana nan ƙarƙashin gado, na dai ƙara mata nisa da hancin mai ɗakina. Na san zaren ba zai sake shiga inji ba, injin ma babu. Wani lokaci in yara sun yi barci nakan ciro gwangwanin madara, in warware ɗan abin da ya yarda ya warwaru, in ɗaga shi saitin fitila. Ana iya ganin yaron, ƙanƙane kamar ƙwayar wake, bakinsa a buɗe yana kiran ubansa. Sai in naɗe in mayar, in yi wa mutum biyu addu'a, wanda ya yi ajiyar da wanda aka ajiye mini.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya gafarta musu, mu kuma ya ba mu idon gane abin da aka bar mana tun bai salwanta ba.